Ƙarin Girman da Na Yi wa Kwamfutata

Na yi wa gwamnati aiki shekara talatin da biyar. Na fara da buga tafireta, na ƙare ina shugabancin ofishin ajiye fayil, da farko a Jos, daga baya kuma a Lafiya bayan an ƙirƙiro mana jiharmu. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa neman takarda a hannuna aka rasa ba. Na faɗi haka tun farko domin mai karatu ya san irin mutumin da wannan abu ya faru da shi.

Da na ajiye aiki na dawo gida Keffi, unguwarmu ta Liman Abaji, sai na tarar garin ba yadda na bar shi ba. Abuja tana ta miƙo ƙafa ta wajenmu, ana faɗaɗa hanya, ɗaliban jami'a sun cika lunguna, gonakin da muka yi kiwon awaki a cikinsu duk an jera musu bulo. 'Ya'yan danginmu kuwa sun watsu, wasu a Mararraba, wasu a Masaka, wasu a Nasarawa, wasu can cikin birnin tarayya. Wata rana jikokin gidanmu biyu suka yi cacar baki a motar haya a kan kujerar gaba, sai da suka sauka a ƙofar gida ɗaya suka gane kakansu ɗaya ne. An sha dariya, amma ni ban yi ba. A ranar na ƙudura zan rubuta littafin zuriyarmu.

Ilimin ba a wurina yake ba, yana wurin Yaya. Ita ce babbar 'yar mahaifiyarmu, ta girme ni da shekara goma sha biyu, a bayanta na yi wayo. Ba ta taɓa zama a bencin makarantar boko ba, amma ta san wanda ya haifi kowa, da wadda ta shayar da ɗan wata, da wanda ya haƙa rijiyar tsakar gida, da garin da kowace amarya ta fito tun zamanin kakan kakanmu.

Kwamfutar da na yi aikin da ita a gwanjo na same ta, lokacin da wani ofishi ya kwashe ya koma Abuja ya bar tsofaffin kayansa. Tare muka je da maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ce ta raba mu. Mutumin Panda ne, Kirista, ya yi shugabancin makarantar firamare har ya gaji. Ina kiransa Hedimasta, shi kuma ba ya kirana komai sai Akawu, ko da yake ya san sarai na wuce wannan matsayi tun gashin kansa yana baƙi. Kowannenmu ya ɗauki guda. Launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, tambarin da ke goshinsu ɗaya, hatta lambar da ofishin ya rubuta musu da fenti a gefe a jere take. Tawa ce ke gaba da tasa da lamba ɗaya, kuma ban ɓoye masa cewa a tsarin aiki hakan na nufin tawa ce babba ba.

Haka muka kama aiki ni da Yaya. Kullum bayan karin kumallo za ta shigo ɗakin karatuna ta zauna a kan tabarma, ta ɓare goro, ta fara. Ni kuwa ina bugawa kai tsaye da yatsu goma, ba na duban maɓallai, kamar yadda aka hore mu a zamanin da kuskure ɗaya ke sa a yage takarda a sake. Ban rubuta komai da biro ba, domin hannuna a kan maɓallai ya fi bakinta sauri. Shekara uku muna yi. Hedimasta ya sha leƙowa ta taga ya ce, "Akawu, ka fitar da abin nan a takarda mana." Ni kuma in ce masa ba a fitar da aiki rabi da rabi. Niyyata ita ce in kammala, in kai Abuja a buga gaba ɗaya, a yi masa bango mai kauri.

Sai dai akwai littafi guda da nake riƙe wa kwamfutar da hannuna, irin wanda ake riƙe wa motar gwamnati. A ciki nake rubuta lokacin da na kunna ta, da lokacin da na kashe, da ranar da aka ɗauke wuta tana aiki, da duk wani saƙo da ta nuna wanda ban saba gani ba. Iyalina suna yi mini dariya a kan haka. Ban damu ba. Kayan aiki idan ba shi da tarihi a rubuce, ranar da ya sami matsala kowa zato zai yi ta yi.

A shekara ta uku, bayan azumi, na tsaya a gaban dattawan gidanmu na yi alkawarin cewa a taron zumuncin da muke yi kwana uku bayan Babbar Salla zan karanta littafin a gaban kowa. Na yi gaggawar sa rana ne domin na lura da wani abu. Tun daminar da ta wuce Yaya ta fara tsayawa a tsakiyar magana tana neman suna. Abin da ta zuba mini a shekarun baya kamar ruwan famfo, yanzu sai ta yi ta lalube. Na san abin da ke cikin kwamfutar nan ba za a sake samun irinsa ba.

Saura mako uku Salla, Hedimasta ya kira ni in zo in ga abin mamaki. Ɗansa da ke aiki a Abuja ya kawo masa sabon faifan ajiya mai girma, wato abin da kwamfuta ke adana rubutu a cikinsa. Da farko kwamfutarsa ta ƙi gane sabon faifan, sai ɗan ya koma ya aiko da fulofi, ɗan siririn faifan da ake zura wa kwamfuta ta gaba, mai ɗauke da sabon umarni na babban allon da ke cikin cikinta. Suka sa, ta karɓa, ta gane faifan.

Hedimasta ya dafa kan kwamfutarsa ya ce, "Ka gani, Akawu? An yi mata ƙarin girma. Yanzu taka sai ta riƙa gaishe ta."

Na yi murmushi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Wanda bai yi aikin gwamnati ba ba zai fahimta ba. A wurinmu babu abin da ya kai a tsallake babba a ɗaga ƙarami ciwo. Rana ɗaya aka ɗauke su, daraja ɗaya, tawa ce ma ke gaba a lamba. Kuma a iya sanina, idan sakula, wato takardar umarnin gwamnati, ta fito ga masu matsayi ɗaya, kowa ta shafa. Na ce ya ara mini fulofin.

Ya ce, "Taka ba lafiyarta ƙalau ba?"

Na ce, "Ƙarin girma ba magani ba ne, Hedimasta. Haƙƙi ne."

Ya yi dariya ya miƙo mini.

Washegari da hantsi na buɗe littafina na rubuta kwanan wata. Kafin in taɓa komai, sai da na kwafe dogon layin lambobi da haruffa da kwamfutar ke nunawa da zarar an kunna ta, domin ba a sauya shugaba ba tare da takardar miƙa aiki ba. Sannan na sa fulofin. Ta yi ɗan gurnani, ta fito da gargaɗi cikin Turanci, cewa lambar sabon umarnin ba ta dace da ta allon ba, ta kuma tambaya ko na tabbata a ci gaba. Na kwafe gargaɗin kalma da kalma. Na yi shekaru ina ganin ƙananan ma'aikata suna rubuta irin wannan a gefen fayil don su kare kansu, babba kuma ya karanta ya yanke hukunci. Na rubuta a ƙasa, "Na duba. A ci gaba." Na sa hannu, na danna.

Ranar farko ta tashi, amma da nauyin jiki, tana tsayawa a tsakiyar layi kamar mai tunani. Rana ta biyu ta ce ba ta ga faifan ajiya ba. Na kashe na kunna, sai ta kira sunan faifan da wasu haruffa masu kama da tafiyar kaza, ta kuma ba shi girman da ba nasa ba. Na sake, ta sake cewa babu. Ina jin faifan yana juyawa a ciki lafiya lau, amma ita ta rantse ba ta san shi ba.

Yaya ta shigo da goronta ta tarar da ni a tsaye. Ta ce, "Yau ba aiki?"

Na ce, "Akwatin ne ba ya jin daɗi."

Ta ce, "Na ba ka ajiyar iyayenmu ka zuba a abin da ke zazzaɓi? Da ka ba ni na sa a adakata."

Na sa aka ɗauki kwamfutar zuwa wurin wani mai gyara a bakin tasha, mutum mai gemu da fara'a, wanda rediyo da talabijin suka cika shagonsa har rufi. Ya buɗe, ya hure ƙura, ya sauya wayar da ta haɗa faifan da allon. Ba ta gani ba. Ya sauya wayar wuta. Ba ta gani ba. Ya kara kunnensa a jikin faifan kamar likita, ya girgiza kai.

Ya ce, "Baba, wannan faifan naka ya gama aiki."

Ya ciro shi ya sa wani sabo dal daga kwali don ya nuna mini bambanci. Shi ma kwamfutar ta kira shi da haruffan tafiyar kaza, daga baya ta ce babu shi.

Ya ce, "Kai, kayan yanzu! Wannan ma lalatacce suka ba ni. To Baba, dabara ɗaya ta rage. In kai naka wurin wani abokina a yi masa fomat, wataƙila ya farfaɗo."

Na ce, "Mene ne fomat?"

"A share shi tas, ya koma fes kamar sabo."

"To abin da ke ciki fa?"

"Ai shi za a share, Baba."

Na karɓi faifan daga hannunsa da hannu biyu, na ce ya mayar da shi inda ya ciro shi. Na kwashi kwamfutata na kama hanyar gida. Na riƙe ɗakin fayil shekaru da yawa, na san idan fayil biyu suka ɓace daga kanta ɗaya, kantar ake bincika. Zuciyata ta riga ta gaya mini inda laifin yake. Na ce mata ta yi shiru.

Saura kwana goma Salla, surukina ya turo mini wata mai gyara da ake yabo, wadda ta yi aiki a Abuja kafin ta buɗe shago a kusa da jami'a. Mace ce mai 'ya'ya uku, kowa Injiniya yake ce mata. Ta sauka daga kan acaɓa da jakar kayan aiki a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta nemi a buɗe mata taga don ta sami haske. Ta duba wayoyi, ta auna wuta, ta dafa faifan yana juyawa. Aikinta a natse, ba surutu. Na ji ta kwanta mini a rai.

Ta ce, "Baba, ƙarar faifan nan ba ta mai ciwo ba ce. Kafin ta fara wannan, an sauya mata wani abu?"

Na ce, "Kamar me?"

"Ko mene ne. An sa mata wani abu, an cire, an taɓa wani wuri?"

Na ce, "Ni kaɗai nake taɓa ta, kuma ni mutum ne mai bin ƙa'ida."

Wannan gaskiya ce, amma ba amsar tambayarta ba ce, kuma na sani.

Ta ce, "To akwai wata kwamfuta irin wannan a kusa? Na shagona duk sababbi ne, bakin wayarsu ba zai shiga wannan faifan ba. Da zan sami tsohuwa irinta, da na ɗora shi a kai mun ga ko za ta karanta."

Taku goma ne tsakanin inda take zaune da kwamfutar Hedimasta. Amma kiran Hedimasta kiran labarin fulofi ne, kuma na san kafin la'asar duk majalisarmu ta tsofaffin ma'aikata ta ji cewa Akawu ya yi wa akwati ƙarin girma har ya sume. Na gyara zaman hulata na ce, "Ban san da wata ba."

Ta ɗan dube ni, sannan ta ce, "To idan babu abin da aka sauya, dole in ɗauka ciwon a cikin faifan yake. Akwai masu buɗe irinsa a Abuja. Sai dai ba na ɓoye maka, Baba, ba za su gama kafin Salla ba, kuma faifan da aka buɗe ba ya komawa yadda yake. Wani lokaci a tsira da rabi, wani lokaci a tashi ba komai. Idan lafiyarsa ƙalau aka buɗe shi, mu muka kashe shi da hannunmu."

Ta ciro faifan ta fara naɗe shi a cikin wani tsumma mai laushi.

Daidai nan Yaya ta ɗaga labule. Suka gaisa da Injiniya, Yaya ta tambaye ta 'yar gidan wa ce, kamar yadda take yi wa kowa. Sai ta juyo gare ni tana murmushi ta ce, "Ƙanena, tun safe nake son in tambaye ka. Kakarmu ta wajen uwa, mai yi mana dambu, daga wane gari aka kawo ta? Yana bakina ya ƙi fitowa."

Ita ce ta ba ni wannan labari da kanta, shafi huɗu cur, har da waƙar da aka yi wa amaryar a hanya. Ni ma a lokacin na nemi sunan garin a kaina na rasa, domin na saba da cewa yana cikin kwamfuta. Na dubi Yaya, na dubi tsumman da ke hannun Injiniya.

Na ce, "'Yata, ajiye wannan tukuna."

Na jawo aljihun tebur na ɗauko littafin kwamfutar, na buɗe shafin ranar, na ajiye a gabanta. Sannan na fita na tsaya a jikin katanga na ɗaga murya na ce, "Hedimasta! Kana ciki? Ka zo da babbar ma'aikaciyar nan taka, ana nemanta."

Da na dawo na tarar Injiniya ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, Allah ya saka mata.

Ta ce, "Baba, kwamfutar ta gaya maka ba su dace ba."

Na ce, "Ta gaya mini."

"Ka kuma rubuta cewa ta gaya maka."

"Na rubuta."

"Ka sa hannu."

Na ce, "Ba na yanke hukunci in ɓoye sunana."

Hedimasta ya shigo rungume da kwamfutarsa yana haki, ya dire ta a kan tebur. Ya ce, "Kwana goma ina jin shiru ta katanga, ba ƙarar maɓallai. Na ce wa matata, ko dai ƙarin girman nan ya zo da canjin wurin aiki?"

Na ce, "Ka zauna, ka rage murya, akwai baƙuwa."

Ya ce, "Ai baƙuwar ta riga ta karanta fayil ɗin."

Injiniya ta buɗe akwatunan biyu ta jera su a bakin taga, ta ce mu matso. A waje kamar tagwaye, amma a ciki ko ni na ga bambanci. Ta nuna mana lambar da aka buga a jikin kowane allo, ƙarshensu ba ɗaya ba. Ta sa bakin sukudireba ta nuna wani ɗan baƙin guntu kusa da inda wayar faifai ke shiga. Nawa murabba'i ne, na Hedimasta dogo.

Ta ce, "Wannan babban allon shi muke kira madabod. A jikinsa akwai ɗan umarnin da ke fara farkawa idan an kunna, muna ce masa bayos. Shi ke gaya wa allon yadda zai yi magana da faifai ta wannan guntun. Masu ƙera su sukan zuba allo iri biyu a akwati iri ɗaya. Umarnin da ka sa an rubuta shi ne don guntun Baba Hedimasta. Naka yana jin kira, amma ba da harshen da ya sani ba. Shi ya sa ko faifai goma aka kawo, haka za ta yi musu."

Na ce, "Wato sakular wata ma'aikata na aiwatar a wata."

Ta ce, "Ka ma fi ni iya faɗa."

Ta ɗora faifaina a cikin kwamfutar Hedimasta a matsayin na biyu, ta kunna. Ban zauna ba. Fuskar kwamfutar ta yi haske, ta danna nan ta danna can, sai ga sunan littafina. Ta buɗe. Shafin farko ya fito, ga bismilla, ga sunan kakan kakanmu. Na ce ta gangara ƙasa. Ta yi ta gangarawa har layin ƙarshe da na buga, ko wasali bai ɓace ba. Na nemo babin kakarmu mai dambu na karanta wa Yaya sunan garin.

Ta tafa hannu ta ce, "Shi ne! Ai na ce yana bakina."

Kafin a yi komai Injiniya ta kwafe littafin a wuri biyu. Hedimasta ya ce a rubuta a littafina cewa ƙaramar ma'aikaciya ce ta ceci babba. Na ce za a duba buƙatarsa.

Saura gyaran allon. Injiniya ta ce masu ƙera shi sun fitar da umarni kala-kala masu lamba kusa da juna, idan aka sake sa wanda ba shi ba allon na iya mutuwa gaba ɗaya. Ta koma shafin da na kwafe dogon layin lambobin kafin in sa fulofin, ta bi shi da yatsa, ta gwada da na jikin allon.

Ta ce, "Shekara nawa ina wannan aiki, ban taɓa samun wanda ya rubuta mini abin da ke kai kafin ya ɓata ba. Kowa cewa yake haka kawai ta yi."

Na waiga na tabbatar Hedimasta ya ji.

Ta tafi shagon intanet da lambar, ta dawo washegari da hantsi da umarnin da ya dace a wani fulofin. Ko da yake akwai wuta, ta ƙi amincewa da ita, ta ce idan aka ɗauke ana tsakiyar aikin, shi ke nan. Hedimasta ya turo janaretansa ta ƙofar baya, ya duba mai da kansa, ya tsaya a kansa kamar mai gadin jarrabawa. Ta sa fulofin. Wannan karon babu gargaɗi. Wani layi ya fara tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, yana tsakiya muka ji rediyon maƙwabta ya yi ɗif, an ɗauke wuta. Hedimasta ya leƙo ta taga ya ce, "Kun ji ko? A rubuta wannan ma!"

Layin ya kai ƙarshe. Ta mayar da faifan gidansa ta kunna. Kwamfutar ta kira shi da sunansa na gaskiya da girmansa na gaskiya, ta buɗe kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu.

A ranar ban jira Abuja ba, ban jira bango mai kauri ba. Na bi Injiniya shagonta muka fitar da littafin a takarda har kwafi uku, aka ɗinke su da zare.

Kwana uku bayan Salla aka kafa rumfa a ƙofar gidanmu. 'Yan Mararraba da Masaka da Nasarawa da na cikin Abuja duk suka zo, har da jikokin nan biyu masu faɗan kujerar gaba. Hedimasta ya zauna a sahun dattawa da hularsa ta zuwa coci. Na tsaya na karanta daga azahar har la'asar. Yaya tana kan kujera kusa da ni, ta karkata kai tana saurare, wani wurin ta gyaɗa kai, wani wurin ta yi dariya tun kafin in kai inda abin dariyar yake. Da na zo waƙar amaryar, sai ta karɓe daga bakina ta rera ta har ƙarshe, matan gida suna amsawa.

Da na rufe littafin ta jawo hannun rigata ta ce, "Wa ya ba ka wannan labari haka tiryan-tiryan?"

Na ce, "Wata babbar malama ce, Yaya."

Ta ce, "To ko wace ce, ta san gidan nan. Ka riƙe ta da kyau."

Na miƙa mata kwafi ɗaya. Ta juya shi, ta auna nauyinsa a tafin hannunta, ta ce a kai mata ɗaki a sa a adaka, ƙarƙashin zannuwa, inda zazzaɓi ba ya shiga. Na biyu yana wurina. Na uku na ba Hedimasta ajiya, ya karɓa ya ce sai na rubuta masa takardar miƙa aiki, na kuwa rubuta.

Da jama'a suka watse na shiga ɗakin karatu kafin magariba, na buɗe littafin kwamfutar. A ƙarƙashin inda na taɓa sa hannu na rubuta, "An soke ƙarin girman. An mayar da ita matsayinta na da, tana aiki lafiya. Ta yi gargaɗi a kan lokaci, laifin na mai sa hannu ne." Na sake sa hannu.